Milimita Shida na Yaya

Injin ɓarar gyaɗa muke ƙerawa a Zangon Sokode tun zamanin mahaifina. Wurin aikin rumfar kwano ce a bayan layin mahauta, 'yan unguwa suna ce mata atiliye. Baba ya rasu ina ƙarama, ƙanensa ya riƙe wurin, shi ne Baffa. Baffa bai taɓa zana inji a takarda ba. Allinsa na aljihu, farantin ƙarfe na ƙasa, sai kuma wani katako mai ramuka da Baba ya bari, yana rataye a ƙusa. In za a huda bangon inji, a sauko da katakon, a kwantar da shi kan ƙarfen, a buga alama ta cikin ramukan. Ba a ara wa kowa shi, ba a sa masa awo, kuma wanda zai buga alamar ne kaɗai yake sauko da shi.

Yayana ne ya shigo da kwamfuta rumfar bayan ya gama makarantar fasaha. Ya zauna wata da watanni ya zana injin kaf, kowane ɓangare da fayil ɗinsa, sannan ya yi babban fayil da ya haɗa su. A cikin babban fayil ɗin ake ɗaure ɓangarori da juna: wannan sanda ta shiga wancan rami, wannan fuska ta kwanta kan waccan. Amfaninsa shi ne in ka canza lamba ɗaya ka danna, sai kwamfutar ta bi jerin ɓangarorin daga sama zuwa ƙasa ta sake lissafa komai, injin ya fito da sabon girmansa. Sake gini muke ce wa wannan. Shi ya koya mini, ina gefensa a kan benci, yana yi mini tsiya wai ina riƙe linzamin kwamfutar kamar mai tsoron ya cije ni.

Zazzaɓi na kwana huɗu ya ɗauke shi. Bayan sadakar arba'in na koma rumfar na zauna a mazauninsa, Baffa bai ce in zauna ba, bai kuma ce in tashi ba. Da ma can bai yarda da zanen ba, albarkacin Yaya yake haƙuri da shi. Shekara biyu ina buga takardun da Yaya ya riga ya shirya, ana yanka ƙarfe a kansu, ban taɓa canza ko lamba ɗaya ba. Duk lokacin da na buɗe babban fayil, wani ɗan saƙo yana fitowa yana cewa akwai abin da bai gani ba, ko zan nuna masa inda yake. Ni kuwa sai in danna a wuce. Na saba da shi har na daina karanta shi.

Ana haka wata ƙungiyar mata ta Dapaong, garin da muke ce wa Dapango can arewa, ta aiko. Suna noman gyaɗa suna ajiye iri, suna da injin gas nasu wanda ya fi namu ƙarfi, suna so a ƙera musu maɓari mai doguwar ganga da zai hau kansa. Gangar ita ce abin da ke juyawa a ciki yana murza gyaɗar a jikin raga har ɓawon ya rabu. Suna son a kai kafin ruwa ya sauka, don irin shuka za su ɓare. Baffa ya saurari saƙon, ya dubi katakon da ke bango, ya dube ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Kwamfuta kuma ordinata yake ce mata.

"Uwata, ordinatarki za ta iya, ko in ɗauko alli?"

Na ce za ta iya.

"To. Wannan karon takardarki za a bi, ba zan sa hannu ba. In injin ya yi aiki a Dapango, shi ke nan. In bai yi ba, ki rufe abin nan ki kai ɗaki, mu koma yadda muka gada."

Bai faɗa da faɗa ba, yana ma goge hannu da tsumma ne. Amma na san ba ya maimaita magana. Zanen nan shi kaɗai ne abin Yaya da yake aiki har yanzu a duniya, kayan sawarsa an rabar, babur ɗinsa an sayar. Ban so a kai shi ɗaki.

Washegari da hantsi na buɗe fayil ɗin, na danna a wuce kamar kullum, na nemo tsawon ganga na ƙara santimita goma sha biyar, na danna sake gini. Kwamfutar ta ɗan yi jim. Sai jerin da ke gefen hagu ya yi ja tun daga sama har ƙasa. Gangar ta fice ta bangon inji ta tsaya a iska, mazurarin da ake zuba gyaɗa ya kife, ƙafa ɗaya ta tafi can nesa ita kaɗai. Baffa ya zo wucewa da ƙarfe a kafaɗa, ya leƙo.

"A'a. Hatsari suka yi a hanya?"

Na mayar da lambar yadda take na sake dannawa, jan bai tafi ba.

Ranar farko ɓata ta na yi. Na fara daga ƙasan jerin, don a nan kurakuran suka fi sauƙin ganewa: wata ƙusa ta rasa raminta, wani murfi ya rasa bakinsa. In gyara ɗaya, in danna, biyu su ɓullo a wani wuri. Har la'asar ina wannan, na yi tsaki ya fi a ƙirga. Sai da na tashi yin alwala na tuna abin da Yaya yake faɗa mini, cewa ja na ƙasa yawanci ba shi da laifin kansa, na sama ne ya ja masa, don haka daga ja na farko ake farawa. Ya faɗa mini wannan ya fi sau goma, kullum ina ce masa na ji.

Rana ta biyu na bi ta yadda ya koyar. Na kwantar da duk ɓangarorin, wato na ce wa kwamfutar ta yi kamar babu su, na bar ƙafafun inji kaɗai. Na danna, babu ja. Na tayar da gindin da injin gas zai zauna, babu ja. Haka na riƙa tayar da su ɗaya bayan ɗaya ina dannawa, aiki mai gundura kamar tsintar tsakuwa a shinkafa. Da na tayar da bangon hagu, jan ya dawo. Na buɗe bangon shi kaɗai. Ramukansa duka suna nan, amma kowanne da alamar cewa abin da aka jingina shi da shi ya ɓace. Na buɗe jerin abubuwan da bangon ya dogara da su. Abu ɗaya ne a ciki, an rubuta ba a same shi ba, sunansa katakon Baba.

Na ɗaga kai, ga shi can a ƙusa, taku biyar daga inda nake zaune.

Sai na gane abin da Yaya ya yi, na kuma gane abin da ni na yi. Shi bai ba ramukan bangon lambobi ba. Katakon ya zana, ya sa shi cikin injin ya ɓoye shi, ya ce kowane rami ya bi na katakon, yadda ake yi a rumfar. Ni kuma lokacin da tsohuwar kwamfutarsa ta fara mutuwa, na kwashe fayilolin zuwa sabuwa, na tsaya ina zaɓe. Ni mutum ce mai son tsari, ko kwanuka ba na iya gani a hargitse. Na ga fayil mai sunan katako, na ce babu katako a jikin injin ƙarfe, na bar shi a can. Tsohuwar kwamfutar ta ƙarasa mutuwa bayan wata biyu. Saƙon da na shekara biyu ina kora, katakon yake tambaya.

Mafita ɗaya ce, in sake zana katakon in ba shi sunansa na da. Na je na sami Baffa.

"Baffa, katakon nan nake so in auna."

"Ba a auna shi."

"Yaya ya auna."

Ya ajiye abin waldar, ya cire gilashi, ya je ya sauko da shi da kansa. Bai miƙo mini ba. Ya kwantar da shi kan benci ya dafe gefe biyu da hannuwansa, ni kuma ina zagayawa da awo ina rubutawa. Katakon ya yi baƙi da mai da gumin hannu, ramukan sun buɗe saboda shekarun da aka yi ana bugu ta cikinsu. Ramukan gefe sun fito daidai, hagu da dama ɗaya. Sai babban ramin da sandar ganga take bi. Na auna daga nan, na auna daga can, bai zauna tsakiya ba, ya ɗan karkata baya da milimita biyar ko shida. Bakinsa kuma ya cinye ya zama kamar ƙwai. Na ce a raina tsufa ne, ko kuma hannun Baba ya goce ranar da ya huda, tunda ba da awo ya yi ba. Baffa yana tsaye a kaina, numfashinsa ina ji, ban tambaye shi ba. Ban so ya ji na ce katakon ɗan'uwansa a karkace yake, ban kuma so ya ga akwai abin da ban sani ba. Na rubuta tsakiya.

Na zana katakon, na sa masa suna, na nuna wa babban fayil inda yake. Na danna. Jan ya zube gaba ɗaya, gangar ta koma ciki, mazurari ya miƙe, ƙafar da ta yi yawo ta dawo. Na ƙara santimita goma sha biyar ɗin, komai ya bi. Na ji daɗi ƙwarai, har na yi dariya ni kaɗai. Ja ɗaya ne ya rage, can kusa da ƙarshen jerin.

Wani ɗauri ne da Yaya ya sa da hannunsa. Ya ce tsakanin sandar ganga da tsakiyar inji, milimita shida. Sabon katakona kuma ya ce sandar tana tsakiya cif. Kwamfutar ta ce maganganun biyu ba za su zauna tare ba, in cire ɗaya. Na duba ɗaurin na ɗan lokaci. Ba wani ɓangare da ya dogara da shi, ba a buƙatarsa don injin ya haɗu, don ramin ya riga ya riƙe sandar. Na ɗauka ya bi kuskuren katakon ne ya kwafa, shi da yake biyayya ga duk abin da Baba ya bari. Na goge nasa. Jerin ya yi fes, ba ja ko ɗaya. Na adana a kan tsohon fayil ɗin, don ba na son fayil biyu masu suna iri ɗaya.

Ranar da aka huda bangon, Baffa yana Langabu wajen ta'aziyya. Ko da yana nan ma, ya ce ba zai sa hannu ba. Ma'aikatanmu biyu suka bi takarda, katakon yana rataye ba wanda ya taɓa shi. Da aka haɗa injin muka juya gangar da hannu, muka zuba gyaɗa kaɗan, ta fito lafiya. Juyin hannu ba shi da ƙarfin da zai nuna komai, injin gas ɗin kuma yana can arewa.

Muka ɗora shi a bayan wata babbar mota mai zuwa iyaka, ni da Baffa a gaba. Hanyar doguwa ce. Bayan Kara duwatsu, bayan duwatsu ƙasa ta shimfiɗe, itatuwa suka yi ta raguwa, muka tsaya Mango muka yi azahar muka ci abinci. Baffa ya yi barci mafi yawan tafiyar. Mun kwana gidan wani abokinsa mahauci, da safe aka kai mu wurin matan, wani fili a bayan gari mai rumfa da ɗakin ajiya.

Shugabarsu dattijuwa ce 'yar ƙabilar Moba, doguwa, ta iya Hausar kasuwa, wadda kowa a cikinta namiji ne, mace ma kai ake ce mata. Ta kama hannuna ta juya shi.

"Kai ne ya yi zane? Yarinya ƙarami haka?"

Na ce ni ce, Inna.

"To madalla. Wannan gyaɗa iri ne, ba na ci ba. In ya fashe biyu, ba ya tsiro. Ka gane?"

Na ce na gane. Aka ɗaure injin, aka sa bel, wani ya ja igiyar injin gas ya tashi. Gangar ta ɗauki gudu ba girgiza, ba ƙarar goga, har na saci kallon Baffa. Shugabar ta ɗebo kwano ɗaya ta juye a mazurari. Ɓawo ya tashi ta gefe, ƙwaya ta zubo kan tabarma. Ta ɗaga hannu aka kashe.

Ta durƙusa ta ɗebo a tafin hannunta. Kusan rabi a fashe suke, fari tas, fatar ta saluɓe. Ba ta yi faɗa ba. Ta riƙa ware masu rai gefe ɗaya da yatsa, fasassun gefe ɗaya, sauran matan suka matso suna kallo. Da ta gama ta miƙo mini fasassun, na karɓa don ban san abin da zan yi ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ga tsoro, don na san abin da Baffa ya ce.

Baffa ya buɗe murfin. Ya zura yatsa tsakanin ganga da raga ta gaba, inda gyaɗa take faɗawa, ya zaro, ya zura ta baya. Ya sake yi. Sannan ya juyo.

"Uwata, a tsakiya kika sa ta?"

"A tsakiya, Baffa."

"Babanki bai sa ta a tsakiya ba."

Ya yi mini bayani a taƙaice, idonsa na kan injin. In gangar ta ɗan ja baya, bakin shiga yana da faɗi, gyaɗar ta sami wurin kwanciya, sannan wurin ya riƙa tsukewa a hankali har ɓawon ya murje. In tana tsakiya, daga faɗawa sai duka. Ya ce Baba sai da ya ɓata gyaɗar damina guda ta kakarmu kafin ya gano haka. Na ce me ya sa bai taɓa faɗa ba.

"Wa ya tambaya? Katakon yana nan, ana bin sa. Yayanki ne kaɗai ya tambaya, ranar da ya auna."

Aka nemo mai walda a cikin gari. Baffa ya kwance boris ɗin da ke riƙe da sandar, ya cike ramukan, ya sa alli, ya gwada da kaurin wani ɗan ƙarfe da ya tsinta a ƙasa, ya sake hudawa. Bai nemi awo ba. Ni ina riƙe masa ƙusoshi. Kafin la'asar aka sake tayar da injin, shugabar ta zuba rabin kwano wannan karon, ta tsaya da hannu a sama. Ƙwayar ta fito ja, a cike, sai ɗaya-ɗaya da ba a rasa ba. Ta zuba cikakke, ta sake zubawa. Matan suka fara surutu da yarensu, wata ta yi guɗa. Shugabar ta ce a ba mu fasassun mu tafi da su, na miya ne yanzu.

A hanyar dawowa ƙullin gyaɗar yana kan cinyata. Na jira hukuncin har muka wuce Mango, bai zo ba. Sai da muka fara hawan duwatsu na gaji da jira.

"Baffa, in mun isa zan kai kwamfutar ɗaki."

Ya tambaye ni yana kallon hanya.

"Yayanki ya sa shidan a ciki?"

Na ce ya sa. Na ce har ya ɗaure ta daban, ta yadda in wani ya taɓa katakon za ta yi ja ta hana. Na ce ta yi jan, ni na goge ta.

"To ashe takardar ba ta yi ƙarya ba," in ji shi. "Ki mayar da ita."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya koma barcinsa.

Da safe na buɗe fayil ɗin. Na fara neman tsohon, ko kwamfutar ta ajiye wani a ɓoye, na duba filashi biyu da nake da su, babu. Na adana a kansa tun ranar. Na buɗe katakon na ja ramin baya da milimita shida, na koma babban fayil na zaɓi sandar ganga da tsakiyar inji, na ɗaure su, na rubuta shida. Na danna, ba ja. Kwamfutar tana rubuta wa kowane ɗauri wanda ya yi shi da ranar da aka yi. Na bi jerin daga sama, duk sunan Yaya ne, har zuwa na ƙarshe.

Har yau da zanen muke aiki. Katakon yana ƙusarsa, Baffa yakan sauko da shi in an huda bango, ya ɗora ya duba, ya mayar. Shidan tana nan daidai inda take a da, kuma duk wanda ya taɓa ramin za ta yi masa ja. Sunana ne a jikinta.